Daga Ɗauri Zuwa Awo: Sauyin Fasalin Tufafin Ciki a Ƙasar Hausa, Tare da Misali Daga Daddara ta Ƙasar Jibiya

1.0 Gabatarwa



Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan tufafi. An yi bayanin babbar riga da aikin da ake yi mata, an yi na rawani da alkyabba, an kuma yi na zane da kallabi da gyale. Amma tufar da ke manne da fatar jiki, wadda ita mutum yake fara sawa, ita kuma yake cirewa daga ƙarshe, ba ta sami irin wannan gata ba. Dalili kuwa sananne ne, watau kunya. To, kunya ado ce ga Bahaushe, sai dai fagen ilmi yana da nasa hukunci, domin abin da aka ƙi ambata a makaranta ba zai fasa shiga kasuwa ba.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa babban sauyin da ya sami tufafin ciki a ƙasar Hausa shi ne tashi daga ɗauri zuwa awo. A da, tufar ciki ƙyalle ce wadda mai ita yake ɗaurawa daidai jikinsa. A yau kuwa kaya ne da aka yanka aka ɗinka a wata ƙasa, bisa awon wasu mutane, da yadin da ya dace da yanayin wasu, wani lokaci ma da alamar da ke ɗauke da saƙon wasu. Za a dubi waɗannan abubuwa uku, watau awo da yadi da alama, ta fuskar mai saye da mai sayarwa a Daddara. An zaɓi Daddara ne saboda tana bakin iyaka, inda kayan da suka bi tsarin Ingilishi da waɗanda suka bi tsarin Faransanci suke haɗuwa a faifai ɗaya.

2.0 Tufafin Ciki na Gargajiya

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da nasa tufafin ciki, kuma kalmominsu suna nan a ƙamus ɗin Bargery na 1934. Ga maza akwai bante, wanda ƙyalle ne mai kusurwa uku, ana ɗaura igiyoyinsa a ƙugu sa'an nan a zaro wutsiyarsa ta tsakanin cinyoyi a soke. Akwai walki na fata, wanda manoma da maƙera da 'yan dambe suka fi amfani da shi. Akwai kuma 'yar shara da ake sawa a ƙarƙashin riga. Ga mata akwai fatari, watau ɗan guntun zanen da ake ɗaurawa kafin babban zane, da ɗan tofi mai tattara a ƙugu, da ƙunzugu wanda ake yi lokacin al'ada ko bayan haihuwa. Ƙirji kuwa zane ne yake rufe shi ta hanyar ɗaurin ƙirji, idan da goyo a ƙara da majanyi.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan tufafi ba su da lamba. Ɗauri ne, ko zariya a cikin ƙubaka, yake daidaita su da jiki. Fatarin da mace ta ɗaura tana budurwa zai yi mata tana da ciki wata takwas, ya kuma yi mata bayan ta yaye, domin hannunta ne yake sassautawa ko ya tsuke. Haka kuma yadinsu na auduga ne wadda aka noma a nan, mata suka kaɗa zarenta, masaƙa suka saƙa, marina suka rina. Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Katsina da Kano a 1851, saƙa da rini na cikin sana'o'in da ya fi yabawa. Ashe ke nan mai tufa da mai yin tufa suna zaune gari ɗaya, suna shan zafi iri ɗaya, kowa ya san bukatar kowa. Har karin magana ya nuna matsayin wannan sutura, inda ake cewa da tsirara gara baƙin bante.

3.0 Asalin Tufafin Ciki na Zamani

Rigar mama, wadda wasu ke kira rigar nono ko bireziya, ta samo asali ne daga ƙoƙarin matan Turai na rabuwa da wata matsattsiyar rigar ciki mai ƙarafa, wadda take tsuke jiki tun daga ƙirji har ƙugu. A 1889 wata Bafaranshiya mai suna Herminie Cadolle ta raba wannan riga gida biyu, ta sa wa ɓangaren sama igiyoyin kafaɗa. A 1914 kuma wata Ba'amurkiya, Mary Phelps Jacob, ta sami takardar mallakar fasaha a kan wata riga mai sauƙi da ta haɗa da hankici biyu da ɗan zare, daga baya ta sayar wa kamfanin Warner a kan dala 1,500. Cikin shekarun 1930 ne kamfanonin Amurka suka fara amfani da baƙaƙen A da B da C da D don bambanta girman ƙoƙon riga. Daga nan ne tufar ciki ta zama abin da ake yi wa lamba kamar takalmi.

Ta wajen maza, a 1935 kamfanin Coopers ya fara sayar da ɗan kamfai mai roba marar ƙafa a birnin Shikago, da sunan Jockey. A 1982 kamfanin Calvin Klein ya shahara da buga sunansa ɓaro-ɓaro a kan robar ƙugu, wanda ya mai da wurin da a da ake ɓoyewa ya zama allon talla. Za mu koma ga wannan batu a gaba.

Abin da ya ba waɗannan kaya fasalinsu na yau shi ne zaren da ake haɗawa a masana'anta. Kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro nailan a 1935, sa'an nan a 1958 wani ma'aikacinsa, Joseph Shivers, ya ƙirƙiro zaren roba mai talewa wanda aka fi sani da Lycra, mai iya miƙewa ninki biyar na tsawonsa ya koma yadda yake. A 1977 wasu mata uku a Amurka suka fito da rigar mama ta 'yan wasanni, marar ƙarfe, wadda a yau 'yan mata da yawa ke sawa a makarantun kwana.

Waɗannan kaya sun shigo ƙasar Hausa ta kantunan Turawa da makarantun boko da barikin soja, sunayensu kuwa sun nuna asalinsu: singileti, bes, shimi, siket, bireziya. Daga baya suka shiga lefe, kuma duk abin da ya shiga lefe ya zama al'ada.

4.0 Hanyar Kaya Zuwa Daddara

Daddara gari ne a ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina zuwa Jibiya. Gaba kaɗan akwai Magama, inda hanya ta rabu zuwa bakin iyaka, daga nan sai Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Mutanen ɓangarorin biyu Katsinawa ne, domin bayan jihadi sarakunan Katsina na da ne suka yi arewa suka zauna a Maraɗi wajen shekarar 1819. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka ja layi a tsakaninsu, ɗaya ya gaji inci da yadi, ɗaya ya gaji santimita da mita.

Tufafin ciki suna isowa wannan yanki ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta sababbin kaya, waɗanda galibinsu a yau daga ƙasar Sin suke, musamman yankin Shantou na lardin Guangdong wanda ya shahara da wannan sana'a. Ana saro su dozin-dozin a Kantin Kwari ta Kano, a kawo Katsina, daga nan masu faifai da masu baro da dillalai mata su rarraba su a kasuwar Jibiya da ƙauyukan kewaye. Ta biyu ita ce ta gwanjo. Tun cikin shekarun 1970 Nijeriya ta haramta shigo da tufafin da aka riga aka sa, amma Nijar da Binin ba su haramta ba. Saboda haka shekara da shekaru diloli suka riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a hau da su Maraɗi, sa'an nan su gangaro kudu ta ɓarauniyar hanya, wasu su ƙare a Ƙofar Wambai ta Kano. Emmanuel Grégoire ya yi bayanin irin wannan fatauci a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi.

Wannan hanya takan toshe lokaci-lokaci. An rufe iyakokin Nijeriya daga 1984 zuwa 1986. An sake rufewa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai watan Afrilu na 2022. An kuma rufe a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa watan Maris na 2024. Duk sa'ad da haka ta faru kaya kan yi tsada, mai ƙaramin ƙarfi ya koma ga mafi araha, alhali kuwa araha ba ta ado.

Masaƙun gida da za su cike giɓin sun raunana. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, garin ya zama cibiyar yadi, amma a 2007 babbar masaƙar UNTL ta dakatar da aiki, shekara biyu bayan da aka soke ƙa'idojin ƙayyade cinikin tufafi na duniya a farkon 2005. Jihar Katsina tana noma auduga a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, amma singiletin da manomin audugar yake sawa daga wata nahiya ta zo.

5.0 Matsala ta Farko: Awo

Rigar mama tana daga cikin tufafi mafiya wuyar ɗinki, domin gutsattsarin da ake haɗawa a yi guda ɗaya sukan haura ashirin. Manyan sassanta su ne ƙoƙo biyu, da maɗaurin da ke zagaye ƙirji, da igiyoyin kafaɗa, da 'yar gadar da ke tsakanin ƙoƙuna, da ƙugiyoyin baya. Wasu ana sa musu soso, wasu ƙarfe a ƙarƙashin ƙoƙo. Mutane da yawa suna zaton igiyoyin kafaɗa ne ke ɗaukar nauyi, amma a tsarin ɗinkin maɗaurin ƙirji ne ke ɗaukar mafi yawansa. Idan maɗaurin ya yi sako-sako sai ya haura baya, nauyi ya koma kan kafaɗa, igiya ta yi wa fata shata, wuya da kafaɗa su riƙa ciwo. Idan kuma ƙoƙo ya yi kaɗan, ƙarfen ya zauna a kan tsoka maimakon ƙashin haƙarƙari.

Awon riga yana da sassa biyu: lamba, wadda take nufin faɗin maɗauri, da baƙi, wanda yake nufin bambancin da ke tsakanin awon ƙasan ƙirji da awon tudunsa. A tsarin Ingila kowane inci ɗaya na bambanci yana ƙara baƙi ɗaya. Daɗin daɗawa, girman ƙoƙo yana tafiya ne tare da lamba, shi ya sa ƙoƙon 32D da na 34C da na 36B ɗaukarsu ɗaya. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka duk mai baƙin D babba ce.

Inda lamarin ya fi rikicewa a bakin iyaka shi ne, lambobin iri uku ne:

Ingila da Amurka: 32, 34, 36, 38, 40
Yawancin Turai da Sin: 70, 75, 80, 85, 90
Faransa: 85, 90, 95, 100, 105

Kowace lamba tana daidai da wadda ke ƙarƙashinta. Watau riga ɗaya ce Baturen Ingila zai kira 34, Bajamushe ya kira 75, Bafaranshe ya kira 90, domin Faransawa suna ƙara 15 a kan lambar sauran Turai. To, a dubi abin da ke faruwa a faifan mai sayarwa a Daddara. Riga biyu suna ɗauke da lamba 90, ɗaya ta fito daga dilar Faransa ta hanyar Maraɗi, ɗaya daga Sin ta hanyar Kano. Ta farko 34 ce, ta biyu 40 ce, tsakaninsu akwai santimita 15 cur. Mai saye ba ta sani ba, mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba.

Al'adar saye kuma ba ta ba da damar gyara wannan kuskure. Babu ɗakin gwaji a kasuwar ƙauye, mai sayarwa sau da yawa namiji ne, sai dai a auna da ido ko a kara a kan hijabi cikin gaggawa. Matar aure kuwa aike take yi, ko ta jira dillaliya. Tufar ciki kuma in an saya ba a mayarwa. A wajen lefe abin ya fi tsanani, domin dangin ango sukan tambayi lamba sau ɗaya ta bakin ƙawa ko yayar amarya, su sayo dozin ko fiye. Kafin shekara ta zagayo amarya ta sami ciki, jiki ya sauya, kayan da aka kashe wa kuɗi sun zama na ajiya ko na kyauta. Fatari bai taɓa jawo irin wannan asara ba.

6.0 Matsala ta Biyu: Yadi da Yanayi

A ƙasar Jibiya zafin bazara yakan haura digiri 40 a ma'aunin santigireti cikin watan Afrilu da Mayu. Tufar da ke manne da fata a irin wannan yanayi aikinta na farko shi ne ta sha gumi ta bar iska ta ratsa. Masana zare sun auna yawan damshin da kowane zare yake iya riƙewa daga iska: auduga wajen kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, nailan wajen kashi 4, foliyesta kuwa ba ta kai kashi 1 ba. Kayan da suka fi araha a kasuwa galibi na foliyesta ne da nailan, ga soso mai kauri wanda aka yi domin siffa. Sakamakon haka shi ne gumi ya kwanta a maƙwaƙwalen jiki, ƙurajen zafi da ƙaiƙayi da saɓar fata su biyo baya. Wannan ne ya sa masu ɗinkin ƙwarai suke sa ƙyallen auduga a hantsar kamfai ko da sauran jikinsa na nailan ne, amma masu neman rage kuɗi sukan tsallake wannan.

Wanki da shanya ma suna da nasu tasiri. Saboda kunya, mata da yawa ba su shanya waɗannan kaya a igiyar tsakar gida, sai a bayan ƙyaure ko a ƙarƙashin zane, inda ba su bushewa sosai, musamman da damina. Zaren roba kuma ba ya shiri da tafasasshen ruwa da guga mai zafi da ruwan wankin da ke sa fari, duk suna kashe talewarsa.

Game da gwanjo, wasu ƙasashe sun ɗauki mataki na musamman. Gana ta yi dokar hana shigo da tufafin ciki na gwanjo tun 1994, ta tsananta aiwatar da ita daga 2011, Zimbabuwe ma ta yi irin wannan hani a ƙarshen 2011. Ya kamata dai a auna haɗarin da ma'aunin ilmi. Ƙwaron ƙazuwa, alal misali, ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye in ya rabu da jikin mutum, dila kuwa takan yi makonni a hanya. Wanki da sabulu da shanya a rana suna kawar da mafi yawan abin da ake tsoro. Aibin da wanki ba ya gyarawa shi ne mutuwar roba, domin rigar da wata ta sa shekara guda ta riga ta ɗauki siffar jikinta, lambar da ke jikinta ta daina faɗin gaskiya. Daman an ce kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma jita-jitar da ke yawo cewa rigar mama, musamman mai ƙarfe ko baƙa, tana haddasa ciwon dajin nono. Binciken da cibiyar Fred Hutchinson ta birnin Siyatil a Amurka ta buga a 2014, a kan mata wajen 1,500, bai sami wata alaƙa tsakanin biyun ba. Illar wannan jita-jita ita ce takan sa mace ta ji ƙullutu ta sauya riga ta zauna, maimakon ta tafi asibiti da wuri.

7.0 Matsala ta Uku: Launi da Alama

An ambata a baya cewa robar ƙugu ta zama allon talla. Tun daga lokacin, abin da ake bugawa a kanta bai tsaya ga sunan kamfani ba. Akwai tutocin ƙasashe, da tambarin ƙungiyoyin ƙwallo, da ganyen wiwi, da kalmomin Ingilishi ko Faransanci waɗanda in da mai sawa ya san fassararsu da bai saya wa 'yarsa ba.

Misalin da ya fi jawo magana shi ne na launukan bakan gizo. A 1978 wani mai zane, Gilbert Baker, ya tsara tuta mai launi takwas a birnin San Faransisko domin ƙungiyoyin masu sha'awar jinsi ɗaya, a 1979 aka rage launukan zuwa shida: ja, ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi, da shunayya, a jere daga sama zuwa ƙasa. Waɗannan ƙungiyoyi sun keɓe watan Yuni don bukukuwansu, saboda tunawa da tarzomar Stonewall ta 1969 a birnin Nuyok. Manyan kamfanonin tufafi na Amurka da Turai sukan fito da kaya na musamman a wannan wata, inda ake jera launukan shida a robar kamfai ko maɗaurin rigar mama ko safa. Ga masu sayensu a can, alama ce ta bayyana kai ko ta nuna goyon baya. Ko a can ɗin ma batun yana da masu ja, domin a watan Mayu na 2023 kantunan Target na Amurka sun janye wasu daga cikin irin waɗannan kaya saboda matsin lamba. Da yake kaya ne na wata guda, abin da ya yi kwantai ko aka gama yayinsa yakan bi sahun sauran tufafi zuwa cikin dila. Masana'antu masu kwaikwayo kuma sukan ɗauki zanen domin kyan launinsa kawai.

A nan gida yanayin daban ne. Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma a watan Janairu na 2014 aka sa hannu a dokar tarayya da ta hana auren jinsi ɗaya, mai hukuncin ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsa. Dokar ba ta ambaci launi ba, amma idon hukuma kan kai ga kayan kasuwa: a 2021 Hukumar Hisba ta Kano ta hana amfani da mutum-mutumi wajen tallar tufafi, a 2022 kuma jami'an Saudiyya suka kwashe kaya masu launin bakan gizo daga kantunan Riyad.

Abin da ke gabanmu ke nan shi ne, alama ta yi tafiya ta bar ma'anarta a baya. Mai faifai a Daddara yana iya sayar da kaya bai san abin da launinsu ke nufi a inda aka yi su ba, uba yana iya saya wa ɗansa saboda ya ga ado. A zamanin da hoto ɗaya a waya yake zagaye gari kafin la'asar, irin wannan rashin sani yana iya jawo wa bawan Allah zargi da tozarci, har da asarar jari. Sa'an nan ba kowane kaya mai launi-launi ne yake da nasaba da waccan tuta ba. Bakan gizo halittar Allah ce, an daɗe ana zana shi a kayan yara da littattafan makaranta, masaƙanmu ma sun daɗe suna jera launi a zane. Sanin asalin alamar yana da amfani biyu: yana ba mai saye damar zaɓe da saninsa, yana kuma hana a yanke wa mutum hukunci a kan abin da bai nufa ba.

8.0 Shawarwari

Na farko, sassan koyar da tattalin gida a kwalejojin ilmi su sa darasin awon jiki da sanin yadi a cikin manhajar ɗinki, malamai mata su koyar da ɗalibai mata. Ɗalibar da ta iya riƙe tef ta auna kanta za ta koya wa ajin da za ta riƙe gobe, ta koya wa gidansu.

Na biyu, a buga jadawalin lambobin nan uku da Hausa, da boko da ajami, a raba wa 'yan kasuwar Jibiya da Magama da Daddara da dillalai mata. Takarda ɗaya ta isa, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba.

Na uku, cibiyoyin koyon sana'a su horar da teloli mata a kan ɗinkin tufafin ciki na auduga masu zariya ko ƙugiyoyi da yawa, da rigar masu shayarwa mai buɗewa ta gaba. A ƙasar da uwa take shayarwa har kusan shekara biyu, wannan kasuwa ce da ke jiran mai shiga. A nan hikimar fatari da ɗan tofi za ta yi amfani, watau tufar da ke bin jiki duk yadda ya sauya.

Na huɗu, masana harshe su daidaita kalmomin sassan waɗannan tufafi. Ƙoƙo da maɗauri da gada da aka yi amfani da su a wannan takarda shawara ce kawai, taro yana iya kawo waɗanda suka fi su. Muddin babu kalma mai ladabi da malama za ta furta a aji, ko ungozoma a asibiti, to shiru ne zai ci gaba.

Na biyar, dangin ango su rage yawan irin waɗannan kaya a lefe, su ba amarya kuɗin ta saya da kanta daidai bukatarta.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi sawun tufafin ciki daga bante da fatari zuwa kayan da ake sarowa a Kantin Kwari ko ake kwancewa daga dilar Maraɗi. An nuna cewa da ɗauri ya ba awo wuri, sanin da ke hannun mai tufa ya koma hannun masana'anta mai nisa, aka bar mai saye da lambar da ba ta karantuwa, da yadin da bai dace da bazara ba, da alamar da bai san fassararta ba. Komawa ga bante ba zai yiwu ba, rufe iyaka kuma an gwada har sau uku bai hana kaya shigowa ba. Abin da ke hannunmu mu malamai shi ne mu mayar wa mai saye da sanin da ya kuɓuce masa. Akwai sauran aiki ga masu bincike, musamman tattara sunayen waɗannan tufafi a bakin tsofaffin mata na Katsina da Maraɗi tun suna raye, da auna jikin matanmu don a sami ma'aunin da aka gina a kanmu.